Anti-bairos na bogi a dandalin bidiyo: yadda ake ɗana tarkon, da dalilin da ya sa yake kamu

Mutum na kishingiɗe bayan sallar isha'i yana kallon bidiyo a waya, kwatsam sai hoton ya ɗauke. Fuskar wayar ta koma ja, wayar ta hau ɓari a hannunsa, ga rubutun Turanci da manyan baƙaƙe: wai an gano bairos 13 a cikin Tecno ɗinsa, batir ya fara lalacewa, hotunansa na gab da salwanta. A ƙasa agogo na ƙirga sakanni, saura minti biyu, kusa da shi kuma wani koren madanni na cewa a latsa a wanke wayar yanzu-yanzu. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne saƙon ya ambaci ainihin samfurin wayarsa, ga kuma tambarin Google a sama.

Babu bairos ko ɗaya da aka gano, domin babu binciken da aka yi. Zane ne da aka riga aka shirya, duk wanda ya faɗo shafin abin da zai gani ke nan. Idan ma bairos zai shiga wayar, sai bayan an latsa koren madannin.

Ruɗanin da jama'a ke ciki yana da dalili. Shekara da shekaru ana ce wa mutane su sa anti-bairos, yanzu kuma ana ce musu su yi hattara da anti-bairos. A watan Oktoban 2025 kamfanin tsaron intanet na Check Point ya bayyana cewa ya gano bidiyoyi sama da 3,000 a YouTube da wani gungu ke amfani da su wajen yaɗa manhajojin sata tun 2021, kuma da yawansu na umartar mai kallo ya fara kashe kariyar kwamfutarsa. Ke nan wani ɗan damfara na cewa ka sa, wani na cewa ka cire.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin mutane, duk wata manhaja mai cutarwa sunanta bairos. Masana na rarrabe su, amma nau'in da ya fi shafar wannan batu shi ne manhajar satar bayanai: ba ta lalata komai, ba ta sa na'ura nauyi, aikinta kawai ta kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da bayanan katin banki, da makullan asusun kirifto, ta aika wa mai ita cikin 'yan daƙiƙoƙi. RedLine, Vidar, Raccoon da Lumma na cikin waɗanda suka yi suna.

Anti-bairos na gaskiya manhaja ce da ke zaune a cikin na'ura, tana da izinin buɗe fayil-fayil tana duba su. Kwamfutocin Windows, tun daga Windows 8, suna zuwa da nasu mai suna Defender. Wayoyin Android masu ɗauke da manhajojin Google suna da Play Protect tun 2017. Duka biyun kyauta ne, kuma a kunne suke zuwa.

Na bogin kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda fanko ne: ana biyan kuɗinsa, ba ya cutarwa, ba ya kuma tsinana komai. Akwai kura da fatar akuya, wato manhajar sata da aka yi wa suna da tambarin anti-bairos. Sannan akwai wanda babu manhaja ma sam, gargaɗi ne kawai da lambar waya, idan ka kira sai wani ya karɓe ka da sunan injiniyan Microsoft.

## Abin da shafi ke iya gani, da wanda ba ya iya gani

Duk damfarar ta rataya ne a kan abu ɗaya da yawancin masu amfani da waya ba su sani ba: shafin intanet, ko talla, ko bidiyo, ba su da hanyar leƙa cikin ma'ajiyar na'urarka. Burauza irin su Chrome an gina su ne da katanga tsakanin shafi da sauran abin da ke cikin na'ura. Shafin da ba zai iya buɗe hotunanka ba, ba zai iya ƙirga bairos ɗin da ke cikinsu ba.

To ina ya samo sunan wayar? Burauza ce ke sanar da shafi irin na'urar da ta buɗe shi, domin a daidaita girman rubutu da hoto. Daga adireshin intanet ɗinka kuma ana iya kintatar gari da kamfanin layinka. Sa waya ta yi ɓari ma umarni ne ɗan ƙarami da shafi ke iya bayarwa a Android. Da waɗannan 'yan tsirarun gaskiya ake yi wa ƙaryar ado.

Sauran dabarar tsohuwa ce, duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya san ta. Mai tallar magani ba ya tambayarka ciwonka, lissafo maka yake yi: kasala, ciwon baya, rashin cin abinci, nauyin jiki da safe. Da wuya a rasa wanda zai ce da shi ake. Haka gargaɗin bogi ke lissafo zafin batir, da nauyin waya, da cikar ma'ajiya, alamomin da kusan kowace waya mai shekara biyu ke da su.

## Asalin sana'ar

Abin ya girmi TikTok, ya kuma bunƙasa tun YouTube na jariri. Kamfanin da ya fi shahara a kai shi ne Innovative Marketing, wanda ke da babban ofishi a birnin Kiyef na Yukren, da ɗaruruwan ma'aikata, har da sashen amsa kiran abokan ciniki kamar kowane kamfanin kirki. Shi ya fitar da WinFixer, WinAntivirus, DriveCleaner da XP Antivirus. A Disambar 2008 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai shi kotu, tana cewa an yaudari mutane sama da miliyan ɗaya. A 2012 kotu ta yanke wa ɗaya daga cikin jami'ansa, Kristy Ross, biyan sama da dala miliyan 163.

A 2010 masu bincike na Google suka duba shafuka miliyan 240 cikin wata 13, suka tarar kashi 15 cikin ɗari na miyagun manhajojin da suka gano anti-bairos na bogi ne, ana raba su daga adireshi fiye da 11,000. A Yunin 2011 hukumar FBI ta sanar da tarwatsa wani gungu da ya damfari kusan mutum 960,000 kuɗin da ya kai dala miliyan 72. A shekarar ne kuma Mac Defender ya ɓulla, ya rushe tunanin masu kwamfutar Apple cewa su abin bai shafe su ba.

Wani abu daga wancan zamanin yana da amfani ga fahimtar na yau. 'Yan damfarar ba a lungunan intanet kaɗai suke ba, talla suke saya a shafuka masu mutunci. A 2009 tallarsu ta fito a shafin jaridar New York Times, bayan sun zo da sunan wani kamfanin sadarwa na gaske. A 2010 wasu daga Latbiya suka sayi filin talla a shafin jaridar Star Tribune ta Amurka da sunan otal-otal ɗin Best Western, tallar ta yi 'yan kwanaki lafiya lau, sannan suka musanya abin da ke bayanta. Saboda haka ganin gargaɗi a shafin da aka yarda da shi bai taɓa zama shaidar ingancinsa ba.

Da kasuwa ta koma waya, su ma suka bi ta. A Afrilun 2014 wata manhaja mai suna Virus Shield, da ake sayarwa dala 3.99, ta hau saman jerin sababbin manhajojin kuɗi a rumbun Google Play, an sauke ta fiye da sau 10,000. Da shafin Android Police ya tona cikinta, sai aka ga aikinta guda ne: idan ka taɓa hoton garkuwar, alamar kuskure ta koma alamar daidai. Google ya cire ta ya mayar wa mutane kuɗinsu.

## Me ya kawo su dandalin bidiyo

Amsa ta farko a fili take, can jama'a suke. Ta biyu ta fi muhimmanci: bidiyo na gina yarda fiye da rubutu. Mai kallo na ganin hannun wani na latsa abu mataki-mataki, yana ganin sakamakon, sai ya bi sawu ba tare da ya tsaya tambaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka buɗe wannan sharhi da ita. Ba kasafai take fitowa daga cikin manhajar YouTube kanta ba. Ta fi yawa a shafukan kallon ƙwallo da fina-finai na sata, da shafukan da ke sauke bidiyon YouTube zuwa waya, da adireshin da ake liƙawa a ƙarƙashin bidiyo. Da yawansu kan ce sai ka amince a riƙa turo maka sanarwa kafin bidiyon ya buɗe. Wanda ya amince ya ba su lasisi ke nan: ko ya rufe shafin, gobe da jibi saƙonni za su riƙa faɗowa a saman wayarsa da tambarin kamfanonin anti-bairos irin su McAfee ko Norton, suna cewa kariyarsa ta ƙare. Mutane da dama kan kai waya wajen mai gyara a kan wannan, alhali ba komai a cikinta sai izinin da suka bayar da hannunsu, wanda ake janyewa a saitin burauza cikin minti ɗaya.

Hanya ta biyu ta fi haɗari, kuma ita ce ta juya tsohuwar dabarar. A ɗauki matashin da ke haɗa hotuna da bidiyon biki, yana buƙatar Photoshop, ba shi da dalar biyan kuɗin wata-wata. Ya bincika a YouTube, ya samu bidiyo na minti uku a wata tasha mai mabiya dubu ɗari da wani abu. A ƙasa mutane sun yi ta godiya, wannan ya ce ya yi masa aiki, wancan ya sa alamar zuciya. Mai bidiyon ya ce a sauke wani ƙunshin fayil daga shafin ajiye fayil na MediaFire, ga kalmar buɗe shi, 1234. Sannan, cikin murya mai kwantar da hankali, ya ce kafin a buɗe a kashe Defender na ɗan lokaci, domin yakan yi kuskuren ɗaukar manhajar a matsayin bairos.

Kowane mataki a nan da aikinsa. An kulle ƙunshin da kalmar sirri ne domin na'urorin bincike su kasa ganin cikinsa. Sau da yawa ana kumbura fayil ɗin da tarkacen banza ya kai ɗaruruwan megabait, saboda wasu manhajojin bincike na tsallake manyan fayil. Masu godiyar nan, kamar yadda binciken Check Point ya nuna, asusun gungun ne: wasu na ɗora bidiyo, wasu na liƙa adireshi, wasu aikinsu yabo kawai. Tashar kuma mai yiwuwa ta wani bawan Allah ce aka ƙwace. Wanda ya duba tsofaffin bidiyoyinta zai iya tarar da waƙoƙi ko girke-girke cikin wani harshe dabam, an yi shekara ba a ɗora komai ba, sai ga darussan manhaja goma a rana ɗaya.

Abin da ke sa ƙaryar shiga shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Anti-bairos kan yi ƙara a kan manhajojin da aka fasa makullinsu, ko da ba a cusa musu komai ba. Wanda ya saba da haka ya riga ya koyi yin biris da gargaɗin, kuma ba shi da hanyar bambance ranar da gargaɗin ya zama na gaske.

Kamfanin CloudSEK ya ba da rahoto a Maris 2023 cewa irin waɗannan bidiyoyi na ƙaruwa da kashi 200 zuwa 300 cikin ɗari duk wata tun Nuwambar 2022, wasunsu da fuskoki da muryoyin da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa. A Mayun 2025 kamfanin tsaron intanet na Trend Micro ya gano wani salon a TikTok da ba ya buƙatar a sauke komai da farko: bidiyon na nuna wani gajeren umarni da za ka rubuta da kanka a PowerShell, wato wurin rubuta wa Windows umarni, wai don buɗe Windows, Office, CapCut ko Spotify kyauta. Umarnin ne ke janyo manhajar satar. A watan ne Microsoft ya ce cikin wata biyu kacal ya ƙirga kwamfutoci sama da 394,000 da manhajar sata ta Lumma ta kama a faɗin duniya.

Anti-bairos ɗin kansa ma ana yin jabunsa. A 2024 kamfanin Trellix ya gano shafukan da suka kwaikwayi na Avast, Bitdefender da Malwarebytes. Na Avast ɗin yana ba da manhajar Android mai suna SpyNote, wadda ke karanta saƙonnin tes da ɗaukar hoton abin da ke fuskar waya.

Hanya ta uku masu tasha take nema, ba masu kallo ba. A Oktoban 2021 sashen binciken barazana na Google ya bayyana wani kamfe da ya faro tun ƙarshen 2019: ana aiko wa mai tasha imel na tayin talla, a ce ya gwada wata sabuwar manhaja, galibi anti-bairos ko VPN, wato manhajar ɓoye adireshin intanet, ya yi bidiyo a kanta a biya shi. Da ya buɗe ta sai ta sace kukis ɗin burauzarsa. Kukis a nan kamar tikitin da mai gadi ke ba wanda ya riga ya nuna katinsa ne, duk mai riƙe da shi zai wuce ba a sake tambayarsa kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ba. Google ya ce ana sayar da tashoshin da aka sace daga dala 3 zuwa 4,000 gwargwadon yawan mabiya, kuma ya dawo wa masu su da asusu kusan 4,000. A Maris 2023 aka yi wa Linus Tech Tips, tashar fasaha ta Kanada mai mabiya sama da miliyan 15, irin wannan, ta hanyar fayil mai kama da takardar tayin talla da wani ma'aikaci ya buɗe. Tasha ce ta mutanen da sana'arsu ke nan.

Ta huɗun, mai lambar waya, ta fi cin tsofaffi a Amurka, Birtaniya, Kanada da Ostireliya. Shafi ya cika fuskar kwamfuta, ƙara na tashi, an rubuta kada a kashe, a kira wannan lamba. Wanda ya amsa zai sa a ɗora AnyDesk ko TeamViewer, manhajoji na halal da ke ba wani damar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga nan sai asusun banki. FBI ta ce a 2023 asarar da aka kai mata ƙorafi a kan wannan nau'in ta haura dala miliyan 924. A Oktoban shekarar hukumar binciken laifuka ta Indiya, CBI, da taimakon Microsoft da Amazon, ta kai samame wurare 76 kan 'yan damfarar intanet, ciki har da cibiyoyin kiran da ke irin wannan aiki. Microsoft ya sha nanata cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya.

## Tsakanin jabu da na gaske akwai fili

Da a ce layin a bayyane yake, da abin ya zo da sauƙi. Wasu gargaɗin ƙaryar, idan aka latsa, shafin kamfanin anti-bairos na gaske suke kai mutum. Dillali ne ya tsorata shi domin ya ci kamasho idan ya saya. Manhajar ta gaske ce, cutar da aka ce yana da ita ce ƙarya.

Kamfanoni masu rajista ma sun shiga hannu. A 2019 Office Depot da Support.com suka amince su biya dala miliyan 35 a Amurka, bayan FTC ta zarge su da cewa sakamakon binciken kyauta da suke yi wa kwamfutocin mutane ya dogara ne kan amsar da mutum ya bayar ga tambayoyi huɗu na farko, ba kan abin da aka gani a cikin na'urar ba. A Maris 2024 Restoro da Reimage, kamfanoni biyu masu zama a tsibirin Saifurus, suka amince da biyan dala miliyan 26 kan zargin amfani da gargaɗin bogi mai kama da na Windows. Avast kuwa, wanda anti-bairos ɗinsa na gaske ne, ya amince a 2024 ya biya dala miliyan 16.5 kan zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta.

Samun manhaja a Google Play ma ba ya rufe magana. A 2019 cibiyar gwaji ta AV-Comparatives da ke Ostiriya ta gwada manhajojin anti-bairos 250 na Android, 80 ne kawai suka iya gano fiye da kashi 30 cikin ɗari na miyagun manhajojin da aka jarraba su da su ba tare da sun yi ƙarar ƙarya ba.

Wannan ya sa ake saɓani a kan ko talaka na buƙatar ƙarin anti-bairos. Masu cewa a'a na nuni da cewa Defender na samun maki mai kyau a gwaje-gwajen AV-TEST da AV-Comparatives a 'yan shekarun nan, kuma yawon neman ƙari ne ke jefa mutane a hannun 'yan jabu. Kamfanonin da ke sayarwa na cewa nasu na zuwa da abin da na kyautar ba shi da shi, kamar kulawar iyaye kan na'urorin yara da taimakon ma'aikaci idan an samu matsala. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne babu anti-bairos da ke amfani idan mai na'urar ya kashe shi da kansa.

## Wa ya kamata ya ɗauki alhaki?

Kamfanonin dandali na kafa hujja da yawa. Tun 2019 YouTube ke cewa ana ɗora masa bidiyo na sama da awa 500 a kowane minti. Google ya ce a 2023 ya toshe ko cire talla biliyan 5.5, ya kuma dakatar da asusun masu talla miliyan 12.7. Tun Nuwambar 2021 ya wajabta tabbatarwa mai mataki biyu ga masu tashar da ke samun kuɗi. A ganinsu suna yin iya yinsu, abokin gabar ne ke sauya kama kullum.

Masu suka na cewa wanda ke cin kuɗin talla shi ya kamata ya tantance ta, kuma injin dandalin ne ke tura wa mutane waɗannan bidiyoyi. Suna kuma ambaton shawarar da YouTube ya yanke a Nuwambar 2021 ta ɓoye adadin waɗanda suka nuna rashin son bidiyo. Kamfanin ya ce ya yi haka ne don kare ƙananan masu tasha daga taron dangi. Masu adawa, ciki har da Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa YouTube, sun ce an ɗauke wa mai kallo hanya mafi sauri ta gane bidiyon banza. Duka maganganun biyu na da tushe, sai dai a batun darasin bogi, yabon da ake gani na iya zama na haya, ƙin da ake yi masa kuma ba a ganinsa.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 na kare dandali daga ɗaukar alhakin mafi yawan abin da masu amfani suka ɗora. Da shi aka fara korar ƙarar da Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya shigar da YouTube a 2020 kan bidiyoyin damfarar kirifto da ke amfani da fuskarsa, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta sake buɗe wani ɓangare nata a 2024. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar: dokarta ta ayyukan dijital, da ta fara aiki kan manyan dandali a Agustan 2023, na iya cin tarar kamfani har kashi 6 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na duniya. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa bairos da satar bayanai, amma mai laifin na iya zama a wata nahiya, da sunan da ba nasa ba.

## Abin da ke cikin haɗari a wajenmu

Wanda ke Kano ko Maraɗi ba lalle ne ya zaro kati ya biya dala arba'in don gargaɗi ya tsorata shi ba, kuma cibiyoyin kiran nan ba shi suke nema ba. Asararsa ta wata fuskar take zuwa. Manhajar da aka sauke daga wajen Google Play, aka ba ta izinin karanta tes da izinin sarrafa fuskar waya, tana iya ganin lambar sirrin da banki ke turowa. Asusun WhatsApp ko Facebook da aka ƙwace kuwa jari ne: da shi ake tura wa 'yan uwa saƙon neman rancen gaggawa, su tura saboda sun ga suna da hoton ɗan uwansu.

Masu shagon buga takardu da cike fom suna da nasu haɗarin na dabam. Kwamfuta ɗaya ce ɗalibai da masu neman aiki ke shiga imel ɗinsu a kai, burauza na adana kalmomin sirri, idan manhajar sata ta shiga sau ɗaya ta kwashi na kowa. Yawancin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu kuma tsofaffi ne, da manhajojin da aka fasa makullinsu aka ɗora tun a shago. Microsoft ya daina sabunta tsaron Windows 7 a Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Sai masu tashoshin Hausa, daga masu fina-finai masu dogon zango zuwa malamai da masu barkwanci, waɗanda YouTube ya zame musu hanyar abinci. Imel daga wani kamfanin waje da ke tayin dala don a gwada manhajarsa abu ne da mai tasha ke fata, shi ya sa tarkon ke kama su. Takardar yarjejeniya ba ta buƙatar a kashe anti-bairos kafin a karanta ta, kuma ba ta zuwa a ƙunshi mai kalmar sirri.

Ga mai buƙatar kayan aiki ba shi da kuɗi, akwai na halal kyauta daga shafukan masu su: GIMP don gyaran hoto, LibreOffice don rubutu da lissafi, DaVinci Resolve na da nau'in kyauta don haɗa bidiyo. Ba su yi daidai da na kuɗin a komai ba, amma babu wanda zai ce a kashe Defender.

## Idan abin ya riga ya faru

Matakin ya danganta da inda aka tsaya. Wanda ya ga gargaɗin kawai bai latsa komai ba, ya rufe shafin ko burauzar gaba ɗaya, kada ma ya taɓa alamar rufewa da ke jikin gargaɗin, don sau da yawa ita ma madanni ce. Idan kwamfuta ta cika fuska ta ƙi fita, a danne Esc na 'yan sakanni, ko a haɗa Alt da F4. Wanda sanarwa ke damunsa ya shiga saitin Chrome, sashen shafuka, ya janye izinin duk adireshin da bai sani ba.

Wanda ya sauke ya kuma buɗe, lissafinsa dabam ne. Ya ɗauka cewa duk abin da ke adane a na'urar ya riga ya fita, domin goge manhajar ba ya dawo da abin da ta aika. A kashe data, a kira banki a rufe kati da manhajar bankin, sannan a sauya kalmomin sirri daga wata na'urar mai tsabta, a fara da imel tunda ta nan ake sake buɗe sauran. Sauya kalmar kaɗai ba ya isa idan an saci kukis, sai an shiga saitin tsaro na Google da Facebook an fitar da duk na'urorin da ke ciki. Ita kuwa na'urar, mafi aminci a kwashe hotuna da takardu kawai, a yi mata fomatin. A sanar da dangi da abokan hulɗa da wuri kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

A Najeriya ana kai ƙorafi ga cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda ko hukumar EFCC, a Ghana kuma ana kiran hukumar tsaron intanet a lamba 292. Bidiyon da ya jawo abin ma yana da madannin kai rahoto a ƙarƙashinsa, kuma kafin a latsa shi yana da kyau a ɗauki hoton sunan tashar da adireshin da aka liƙa, domin banki ko 'yan sanda na iya tambaya bayan an riga an cire bidiyon.